Mai Hannu Uku a Kan Tsani

Mai Buroshi ya lalata wa 'yarsa aikin wata biyar cikin yini biyu, da fensir ɗaya da robar gogewa, kuma yana yi yana ganin taimakonta yake yi.

Shekara talatin da ɗaya yana rubuta allunan shaguna. Kemis, shagon aski, wurin gyaran taya, duk wanda ya buɗe ƙofa a layinsu da layukan baya, aikinsa ne a saman ƙofar. Bokonsa bai wuce aji huɗu ba, in rubutun yana da tsawo sai ya sa mai shi ya rubuta masa a takarda, shi kuma ya kwafa harafi bayan harafi. Amma wajen jan layi ba ya neman rula. Mai walda da ke maƙwabtaka da shagonsa yakan ce ko mashayi aka ba shi ya zana, a miƙe zai fito kamar soja a fareti. Shi bai taɓa jin wannan a matsayin zolaya ba. A wurinsa zane iri biyu ne, wanda ya yi daidai da wanda ya karkace. Kaza ƙafa biyu gare ta, mutum yatsa biyar. In ka zana wa mai aski kai da kunne ɗaya sama ɗaya ƙasa, babu wanda zai kawo masa nasa kan.

Cikin 'ya'yansa biyar, Auta ce kaɗai ta ɗauki fensir. Sai dai ba allo take so ba. Ita nata zane mai motsi ne, irin wanda ake kallo a talabijin da waya. Ta sha yi masa bayani, shi kuma ya sha gyaɗa kai yana tunanin farashin fenti. Abin da ya riƙe kawai shi ne tana cin takarda kamar akuya. Duk da haka, da ta ce tana buƙatar tebur mai gilashi da ƙwan fitila a ƙasa, shi ya yanko gilashin da kansa, ya tsaya a kan mai walda har ya haɗa ƙafafun, ya kafa mata ƙusa biyu a gefe inda take zura hujin takardunta don kada su goce. Ya dai ajiye teburin a ɗakinta ya fita.

Akwai wani kamfanin masu irin wannan zane a can ƙarshen gari, duk shekara yana ɗaukar mutum huɗu ya koya musu aiki, daga baya ya riƙe su. Sharaɗinsu biyu: ka aiko da zanenka mai motsi na sakan talatin, kuma kada ka kai shekara ashirin da biyar. Auta ta gwada sau biyu ba ta samu ba. Wannan karon saura wata biyu ta cika ashirin da biyar ɗin, ke nan daga shi babu wani. Kawunta kuwa, yayan mahaifiyarta, yana da shagon buga banoni, wato manyan allunan talla na leda, da babban inji, ya daɗe yana ajiye mata kujera gaban kwamfuta. A gaban uwarta Auta ta ce masa, da bakinta, in wannan bai yiwu ba za ta zo ta zauna, ta ajiye fensir. Mai Buroshi yana wurin, bai tofa ba. Injin nan na Kawu shi ya kwashe masa rabin masu kawo aiki, amma ba ya faɗa da surukinsa a kan abincin 'yarsa.

Ranar Alhamis ƙarfe goma sha biyun rana za a rufe karɓa. Mako guda kafin nan zazzaɓi ya kama ta. Ya riƙa leƙa ta yana ganinta a kan teburin, lulluɓe da bargo, haƙora na haɗuwa, tana zane.

"Ke, tashi ki kwanta."

"Saura kaɗan, Baba. Dubawa kawai nake yi, na riga na gama."

"Dubawa da ido ja kamar garwashi? Me za ki gani?"

Ranar Asabar ta faɗi a bakin banɗaki. Aka kai ta asibiti, likita ya ce sai ta kwana uku ana ƙara mata ruwa. Uwarta ta tare a can.

Lahadi da safe ya shiga ɗakinta ɗauko mata cazar waya, sai ga takardun a jere a kan tebur, tsibi guda, an danne su da ƙarfen guga. Kowace da lamba a kusurwa, daga ɗaya har ɗari uku da sittin. Bai taɓa zama ya duba aikinta ba. Ya ja kujera.

Ta farkon ba laifi. Wani mutum ne a gindin tsani, da gwangwani a hannu, da hula. Fuskar ba wata fuska ba ce, ɗigo biyu da layi. Ya ɗaga ta biyu, mutumin ne dai. Ta uku, shi ne. Ya ce a ransa yarinyar nan ba ta gajiya da maimaici. Ya yi ta ɗagawa, mutumin ya hau tsani, ya tsoma buroshi. Layinta da ƙarfi, tana danna fensir kamar mai huɗar gona, ya sha yi mata faɗa a kan haka, amma dai komai yana wurinsa.

Da ya wuce ɗari da arba'in sai abu ya fara lalacewa. Hular mutumin ta tashi daga kansa, ta yi tsawo kamar mota ta taka ta. A ta gaba hannunsa ya miƙe har ya fi tsanin tsawo, babu gwiwa babu yatsu. A ta gaba kuma hannu uku gare shi, duk daga kafaɗa ɗaya. Wata fuskar ta tsiyaye gefe kamar fentin da ruwan sama ya doka bai bushe ba. Wata ido huɗu.

Mai Buroshi ya ajiye takardar, ya rufe bakinsa da tafin hannu. Ya tuno ta cikin bargo tana rawar sanyi. Wato nan ne zazzaɓin ya hau mata kai, tana ganin abu biyu-biyu tana zanawa, ba ta ma sani ba. Kuma wannan za ta aika wa mutane masu ilimi su zauna su yi mata dariya, su ce 'yar wane ce wannan da ba ta san mutum hannu nawa gare shi ba.

Ya ware su ɗaya bayan ɗaya. Tamanin da huɗu ne suka karkace.

Ya kai cazar asibiti, ya dawo, bai buɗe shago ba ranar, bai buɗe ba Litinin. Ya kunna fitilar teburin, ya feƙe fensir, ya zauna. Inda hannu ya yi uku ya goge biyu ya bar ɗaya, ya sa masa gwiwa da yatsu biyar. Inda hula ta miƙe ya mayar da ita hula. Ya tattaro fuskokin da suka tsiyaye ya zaunar da su a kan wuya. Ya kwaikwayi layinta sosai, har in ba ka sani ba ba za ka ce hannu biyu ne suka yi aikin ba. Rabon da ya yi aiki da irin wannan natsuwa tun yana saurayi. Bayansa ya ƙage, idonsa ya yi yaji, amma zuciyarsa fes.

Litinin da yamma da ya je dubiya, Auta ta ɗan farfaɗo, tana jingine da matashi.

"Baba, don Allah a rufe min taga, kada iska ta watsa min takardu."

"Takardunki suna hannu nagari."

Uwarta ta kalli gefen tafinsa da ya yi baƙi. "Malam, gawayi ka koma sayarwa?"

"Ke dai ki ji da majinyaciya."

Ya so ya faɗa, ya haɗiye. Ya fi so ta gani da idonta.

Talata da hantsi aka sallame ta. Ko zama ba ta yi a falo ba, ta wuce ɗaki tana dafa bango, don aikin da ya rage mata shi ne ta ɗauki hoton kowace takarda ta haɗa su a kwamfuta. Mai Buroshi ya tsaya a bakin ƙofa, hannuwa a baya, yana jira.

Ta ɗauki wani kashi daga tsakiya, ta riƙe ƙasan da hannu ɗaya, ta saki saman da babban yatsa, takardun suka yi firrr. Ta tsaya. Ta sake. Sai ta zaro guda ɗaya ta ɗaga ta wajen taga, ta daɗe tana kallo.

"Wa ya shigo ɗakin nan?"

"Ni ne," ya ce, yana ƙoƙarin danne murmushi. "Ba sai kin gode ba. Zazzaɓi ba ya barin hannu ya yi daidai, ko ni ne. Na gyara miki su duka."

"Duka nawa?"

"Tamanin da huɗu."

Ta zauna a bakin gado a hankali, kamar wadda aka zare wa laka. Ba ta yi ihu ba. Da ta yi ihun da ya fi masa sauƙi. Uwar ta zo da kofin ruwa ta tsaya a bayansa.

"Lafiya? Jirin ne?"

"Baba," Auta ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "waɗannan tun wata uku da suka wuce na zana su. Lafiyata ƙalau lokacin. Su ne suka fi ba ni wahala a duk aikin."

"Mutum mai hannu uku?"

"Zo ka zauna."

Ya zauna a kujerar. Ta ɗauko na farkon, waɗanda bai taɓa ba, ta matso da su gaban idonsa ta sake su da yatsa.

Mutumin ya motsa. Ba wai ya canza wuri ba, motsawa ya yi. Ya ɗaga gwangwani, ya gwada matakin farko na tsanin da ƙafa sau biyu kafin ya yarda da shi, ya hau yana jan ƙafar hagu kaɗan. A sama ya tsoma buroshi, ya goge shi a cinyar wandonsa, ya karkatar da kai gefe, ya ɗan ja baya yana auna bango da ido ɗaya.

Uwar ta saki dariya har ruwan kofin ya zube. "La! Ai Malam ne! Wallahi shi ne, har da shafa fenti a wando. Shekara talatin ina wanke cinyar nan."

"Ni ba na shafawa a wando," ya ce. Ya duba cinyarsa ta dama. Launi bakwai ne a wurin, wani kan wani.

Yini biyu yana juya takardun nan ɗaya-ɗaya bai gane kansa ba, don babu fuskarsa a ciki, ɗigo biyu ne da layi. Ashe ba a fuskar ta sa shi ba. A jan ƙafar ta sa shi, da gwada tsanin. 

"Sake," ya ce. Ta sake.

Sannan ta ɗauko nasa. Iska ta zo, hular ta bar kan mutumin, amma ba tashi ta yi ba, tsalle ta riƙa yi daga nan zuwa can kamar ana manna ta da hannu. Mutumin ya kai hannu zai cafke, hannun ya tafi ƙiƙam-ƙiƙam kamar ƙofar da ta yi tsatsa. Kowace takarda in ka tsayar da ita kyakkyawa ce. In suka gudu tare, gunki ne a kan tsani.

"Baba, ɗaga hannunka. Kaɗa shi a gaban fuskarka, da sauri. Ƙara sauri. Hannu nawa kake gani?"

Ya kaɗa. Ya tsaya. Ya sake kaɗawa.

"Ba ya ƙirguwa," ya ce.

"To shi nake zanawa. Kowace takarda ba ta kai ƙiftawar ido ba take wucewa, goma sha biyu a sakan ɗaya. Ba a yi ta don a tsaya a kalle ta ba. Hannu ukun nan ba wanda zai gan shi, gudun kawai za a ji."

Uwar ta ajiye kofin. "Malam, me ka yi?"

Ya miƙe ya fita tsakar gida, ya tsaya gaban igiyar shanya yana kallon riguna. Mutum ne da bai iya ba da haƙuri da baki ba, tun tasowarsa in ya ɓata abu gyarawa yake yi. Yanzu kuwa gyaran ne laifin.

Yana nan tsaye sai wani abu na sana'arsa ya faɗo masa. In aka kawo masa tsohon allo a ce ya maido da rubutun da ya goge, kwantar da shi yake yi ya sa haske ya bi ta gefe, sai sawun tsofaffin haruffa ya fito. Ya koma ɗakin da sauri, ya ja labule, ya kunna tocilar wayarsa ya kwantar da ita a kan tebur daidai da takardar.

"Zo ki gani."

Ga shi nan. Ƙarƙashin kyakkyawan hannunsa mai yatsu biyar, ga kwarin da fensirinta ya haƙa, dogon hannu har bakin takarda. Shi hannun buroshi gare shi, ba ya danna fensir, nasa layin bai bar sawu ba.

"Huɗar gonar nan taki ta yi rana," ya ce.

Auta ta yi wata 'yar dariya da ta fi kama da tari. "Kwana biyu ya rage, Baba. Kuma ina buƙatar rabin yini na ɗaukar hoto."

"To me muke jira?"

Suka raba aiki. Shi zai goge nasa layin a hankali, ya bi kwarin da fensir ya maido da nata. Ita za ta duba ta haɗa da na gaba da na baya a kan gilashi. Hannunta bai daina rawa ba tukuna, in ta ja layi sai ya fito kamar tafiyar tsutsa, saboda haka fensirin yana wurinsa.

Abin bai zo masa da sauƙi ba. Idonsa yana ganin kwarin, hannunsa yana ƙin bi. Sai ya fara jan dogon hannun, kafin ya ankara ya sa masa gwiwa.

"Baba, ka sake gyarawa."

"Ban gyara ba."

"Ga gwiwa nan."

"To hannu ne babu gwiwa, igiya ce?"

"Igiyar nake so."

Ya yi tsaki ya goge. Laraba da hantsi mai walda ya leƙo jin dalilin da shago yake rufe kwana huɗu, ya tarar da shi ya duƙufa yana zana fuska mai ido huɗu, harshe a waje don tsabar kula.

"Ikon Allah! Maigida, tsufan ne ya zo ko wani abu ka fara sha?"

"Fita ka ba mu wuri."

"A'a, bari in kalla. Shekara ashirin ina jiran ranar da za ka karkace."

Suka yi ta yi har rana ta yi sanyi. Hamsin da ɗaya suka dawo. Sauran talatin da ukun ba su dawo ba, kuma su ne zuciyar abin, daidai inda hular ta tashi da inda aka cafke ta. Dalili kuwa, su ne suka fi ba shi haushi ranar Lahadi. Masu hannu ukun nan ya murje su da roba har takardar ta yi gashi, babu kwari babu alama. Ya juya tocila ta kowace kusurwa, ya shafa da yatsa, ya ɗaga wajen taga. Babu.

Auta ta karɓi fensir ta gwada zana su sabo. Ta zana guda tara, gumi ya jiƙa mata riga, uwarta ta zo ta ƙwace fensirin.

"Ba zan mayar da ke asibiti a kan hula ba."

Alhamis da safe ta ɗauki hotuna. Inda babu nata ta sa na babanta, don in ta cire su gaba ɗaya sakan talatin ba zai cika ba. Saura minti ashirin a rufe ta aika. Ta kashe kwamfutar ta kwanta ta juya wa ƙofa baya.

Bayan mako biyu saƙo ya shigo wayarta. Layi uku ne, sun gode, sun yaba, ba su ɗauke ta ba. Ta nuna wa uwarta, uwar ta gaya masa a tsakar gida da murya ƙasa.

Washegari ya sa rigarsa ta fita unguwa, ya zuba takardun talatin da ukun a jakar leda, ya hau mota biyu zuwa ƙarshen gari. Bai gaya wa kowa ba. Mai gadi ya tsare shi a ƙofa yana tambayar takardar ganawa, ya ce shi ba shi da takarda sai ta laifinsa, kuma ba zai tafi ba. Ya zauna a kan benci awa biyu. A ƙarshe wata mata mai furfura da tabarau a goshi ta fito, aka ce ita ce shugabar masu zane.

"Baba, lafiya? An ce kana nemana."

"'Yata ce ta aiko muku da mai hawa tsani."

Fuskarta ta canza. "Mai shafa buroshi a wando? Shigo."

Ta bi da shi ta wani dogon ɗaki, matasa a jere kowa da allon gilashi yana zane da wani alƙalami marar tawada. Ta zaunar da shi, ta nemo aikin Auta a kwamfuta ta kunna. Karo na farko ke nan da ya gan shi a babban allo. Ya ga kansa yana gwada tsani.

"Mu biyar muka kalla," ta ce. "Sakan goma sha biyun farko babu wanda ya yi tari. Na ce mun samu. Sai hular nan ta tashi, abin ya mutu a hannunmu. Wani ya ce ƙila farkon ba ita ta yi ba. Ni na ce gajiya ta yi. Ko wanne ne, akwai huɗu da nasu ya rayu daga farko har ƙarshe."

"Ba gajiya ta yi ba. Ni ne."

Ya zazzage ledar a kan teburinta, ya faɗa mata komai, babu ado. Zazzaɓin, robar, tocilar. Ta saurara ba ta katse shi ba. Ta sauko da tabarau ta ɗauki takarda ɗaya tana dubawa.

"Wannan hannun kai ka zana? Babu rula?"

"Ba na amfani da ita."

"Yaran nan da ka wuce, babu mai iya jan wannan layin. Hannunka mai kyau ne, Baba."

"Ban zo a yabe ni ba, Hajiya. Na zo ne a hukunta mai laifi a bar marar laifi. In akwai shara ko wankin banɗaki a gidan nan, ku ba ni in yi shekara, ku ba ta kujerarta."

Matar ta nuna masa ƙarshen ɗakin da haɓa, inda wasu huɗu suke zaune kusa da juna, sababbin jakunkuna a ƙafafunsu.

"Jiya suka fara. Wanne zan tayar? Su ma wani ya haife su." Ta tattara takardun ta daidaita gefensu. "Ta sake aikowa baɗi. Ni da kaina zan sa ido. Shekararta nawa?"

Ya faɗa mata, da watan da za ta cika ashirin da biyar.

Ta cire tabarau ɗin gaba ɗaya ta murza idonta. "Masu ba mu kuɗin koyarwar su suka sa wannan ƙa'idar, ba ni ba. Na yi faɗa a kanta sau biyu, ban ci ba. Ba zan yi maka alkawarin ƙarya ba."

Ya gode mata. Ya mayar da takardun cikin leda.

A hanyar fita akwai zane-zane a jikin bango, manya, cikin firam. Da shigowarsa bai kalle su ba. Yanzu ya tsaya gaban ɗaya. Wata mata ce take gudu da yaro a kafaɗa, fuskarta kore, ƙafa ɗaya ta ninka ɗayar tsawo, gidajen bayanta duk sun kwanta gefe. Wata guda da ya wuce da ya ce a ba shi fenti ya rufa wa mai zanen asiri. Ya tsaya yana kallo har ya ji ƙirjinsa yana bugawa kamar shi ake bi. Mai gadi ya matso.

"Baba, ka ga wani abu ne?"

"Matar nan," ya ce, "ba za su kama ta ba."

A gida ya tarar da Auta tana goge riga. Ya tsaya a ƙofa da ledar a hannu. Ta kalli ledar, ta kalli rigar fita unguwar, ta gane.

"Ka je can."

"Na je."

"Me suka ce?"

"Sun ce farkon ya tsayar da su su biyar."

Ta ci gaba da guga. Can ta ce, "To, ai ka ga sun gani."

"Zan je wurin kawunki. In ce ya ƙara miki lokaci, ki nemi wani wurin."

"Wane wurin, Baba? Su kaɗai ne a garin nan. Kawu ya sallami mutum biyu saboda ni, wata shida kujerar tana jira. Kuma ni na faɗa da bakina, kana zaune." Ta juya rigar. "Kai ka koya min in an karɓi aiki ba a ajiye shi a rabi."

"Auta."

"Na'am, Baba."

Ya buɗe baki, maganar ta ƙi fitowa. Ta ɗago ta dube shi, idonta ya kawo ruwa amma ta yi murmushi.

"Na sani," ta ce. "Je ka cire rigar nan kafin ka shafa mata fenti."

Ranar Litinin ƙarfe takwas ta fara aiki a shagon Kawu. Mutane suna kawo rubutu a guntun takarda, an buɗe sabon shago, ana neman ma'aikata, gida na haya, ita kuma ta buga a kwamfuta ta zaɓi launi, inji ya fitar. Kawu yana yabonta ga kowa, ya ce bai taɓa samun mai ido irin nata ba. Tana tashi ƙarfe shida ta dawo gida da ciwon wuya, ta ci abinci ta kwanta. Ba ta taɓa tayar wa babanta da maganar ba, ko sau ɗaya, ko cikin wasa.

Shekararta uku ke nan a kujerar.